Asusun ABLE na ƙanena: shekara uku ina riƙe da shi, ga abin da na gani

Ƙanena yana da lalurar Down, wadda ake haifar mutum da ita take kuma jinkirta masa koyo, shekarunsa 25, kuma ba abin da ke faranta masa rai kamar ya ga lamba tana hawa. Idan ya dawo daga aiki, tun bai cire takalmi ba zai miƙo min waya ya ce, "Yaya, duba min, nawa ne yanzu?" Yanzu hankali kwance nake duba masa, don kuɗin yana cikin ABLE, wani asusun ajiya na musamman na masu naƙasa. Shekaru huɗu baya kuwa, wannan tambayar gabana take faɗar min, domin a Amurka mai karɓar tallafin SSI idan kuɗin da ke bankinsa ya hau, to wata fitina ce ke hawa tare da shi.

Bari in fara da tushen maganar, don wanda bai san ƙa'idar ba ba zai gane amfanin asusun ba. SSI tallafi ne na wata-wata da gwamnatin tarayya ke ba masu naƙasa, makafi da tsofaffi waɗanda ba su da ƙarfi, tun 1974 ake biyansa. A 2025 mafi yawan abin da mutum ɗaya zai samu dala 967 ne a wata. Sharaɗin da ke ci wa kowa tuwo a ƙwarya shi ne na dukiya: kada abin da ka mallaka ya wuce dala 2,000. Ba a lissafa gidan da kake zaune a ciki, ba a lissafa mota ɗaya da kayan ɗaki, amma kuɗin hannu da na banki duk ana ƙirga su, kuma ranar ɗaya ga wata ake dubawa. Wannan dala 2,000 ɗin tun 1989 take nan daram. Haya ta ninka, kuɗin magani ya ninka, komai ya tashi, ita ko gezau. Sannan a yawancin jihohi SSI ce ƙofar shiga Medicaid, inshorar lafiyar da ke biya wa ƙanena likitan zuciya da mai koya masa aiki. Ka ga ke nan tsoronmu bai tsaya ga dala ɗari tara da 'yan kai ba.

Mu da kanmu muka koyi darasin, a 2021, bayan rasuwar Baba. Kawu ya tausaya wa yaron, ya tura masa dala 1,800 kai tsaye cikin asusunsa na banki, ya ce a saya masa duk abin da ransa ke so. Akwai wajen dala 500 a ciki dama. Muna cikin jimami, ba wanda ya bi ta kan kuɗin har wata uku. Da lokacin bita ya zo aka nemi takardun banki, na kai da hannuna, ban san na kai ƙarar kanmu ba. Wasiƙa ta biyo baya: watan da kyautar ta shigo an ɗauke ta a matsayin kuɗin shiga, watanni ukun da suka biyo kuma ya haura iyaka, saboda haka tallafin wata huɗu bai cancance shi ba, sai a mayar. A shekarar dala 794 ake biya a wata. Ku yi lissafin da kanku: kyautar dala 1,800 ta haifi bashin da ya haura 3,000. Ba wanda ya zalunce mu a ofis, abin da doka ta ce shi aka yi. Wasiƙar ma ta ce ana iya neman a yafe, amma a ruɗe muke, muka zaɓi a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari duk wata. Har yau Kawu bai san abin da alherinsa ya jawo ba, kuma Inna ta hana a gaya masa.

Daga nan na shiga wata ɗabi'a da nake jin kunyarta. Duk ranar 28 ga wata sai in buɗe asusun, in ya doshi dala 1,900 sai mu fita kashe kuɗi. Takalmi na uku, bargo na biyu, abin jin waƙa da bai nema ba. Ina koya wa yaro mai son tari cewa tari laifi ne.

Wata uwa a wurin da ƙanena ke koyon aiki ce ta ce min, "'Yar uwa, ba ki buɗe masa ABLE ba?" Na ce ban ma taɓa jin sunan ba. Ashe dokar tun Disambar 2014 Obama ya sa mata hannu. Tana ɗauke da sunan Stephen Beck, wani uba mai 'ya da ke da lalurar Down, wanda ya yi shekaru yana bin 'yan majalisa a kai, ya kuma rasu kwanaki kaɗan kafin a sa hannun. Jihar Ohio ce ta fara buɗe irin asusun a 2016. Jihohi ne ke gudanar da shirin, kowace da nata, kuma da yawansu suna karɓar wanda ba mazaunin jihar ba. Abin da asusun ke yi a taƙaice: kuɗin da ke cikinsa, har dala 100,000, SSI ba ta ganinsa. Ko ya wuce haka, dakatar da tallafin ake yi, Medicaid ta ci gaba.

Buɗewar ba ta ba ni wahala ba, a nan dole in yaba. A 2022 na zauna gaban kwamfuta, bai fi rabin awa ba na gama. An nemi lambarsa ta Social Security, wadda hukumar haraji ke gane mutum da ita, adireshi, ranar haihuwa, da bankin da za a haɗa. Tunda yana karɓar SSI, ba a nemi takardar likita ba. Wanda ba ya karɓar irin wannan tallafin naƙasa shi ne zai tanadi shaidar likita ya ajiye a hannunsa. Sharaɗi ɗaya da ya daɗe yana rufe wa mutane ƙofa shi ne lalurar ta fara kafin shekara 26, wanda ya bar mutanen da hatsari ko ciwo ya same su da girmansu a waje. Daga 1 ga Janairun 2026 iyakar ta koma 46. Asusun da sunansa yake, nasa ne, ni mai sa hannu ce kawai a madadinsa. Na so wannan ƙwarai. Ranar da katin ya iso da sunansa a jiki, kwana ya yi da shi a ƙarƙashin matashin kai.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne hanyar kyauta. Shirin da muka zaɓa yana ba da wata mahaɗa ta intanet da za ka tura wa dangi, su zuba kuɗi kai tsaye cikin asusun. Kuɗin da wani ya zuba ta nan ba a ɗaukarsa kuɗin shiga, ba a rage masa ko sisi daga tallafi. Kyautar Kawu ɗin nan da ta jefa mu bashi, da ta wannan ƙofar ta shigo da ba abin da zai faru. Kuɗi ɗaya, mai bayarwa ɗaya, mai karɓa ɗaya, bambancin kawai ƙofa. Idan na tuna sai in rasa dariya zan yi ko takaici. Akwai iyaka ta shekara, duk masu zubawa a haɗe: dala 16,000 lokacin da muka buɗe, ta kai 19,000 a 2025. Mu ba mu taɓa kusantarta ba.

Na biyu shi ne haya, kuma a nan na fi jin an sauke min kaya. A ƙa'idar SSI, baligin da ke zaune gidan wani ba ya biyan rabonsa ana iya zaftare masa kashi ɗaya cikin uku na tallafin, wato wajen dala 322 a lissafin 2025, wai ai an taimaka masa da muhalli. Da har abincin da ka ba shi ana lissafawa, sai a ƙarshen Satumbar 2024 aka cire abinci daga lissafin. Ƙanena da ni da Inna gida ɗaya muke, yana biyan rabonsa a rubuce. Da mai gida ya ƙara haya, rabonsa ya fi ƙarfinsa. In na cika masa daga aljihuna na miƙa wa mai gida, taimakon muhalli ne, a rage masa. In na zuba kuɗin a ABLE shi kuma ya biya daga can, kuɗinsa ne ya biya da shi, ba ragi. Haka muke yi yau shekara biyu.

Amma akwai tarko a wurin, kuma saura ƙiris in faɗa. Kuɗin da ka cire don haya dole a kashe shi a cikin watan da ka cire. In ka fitar ranar 30 ya kwana a banki ya wayi gari ranar ɗaya, ya zama dukiya, a haɗa shi cikin dala 2,000 ɗin. Ita kuma hayarmu ranar ɗaya ake biya, kuɗi kuma yana ɗaukar kwanaki kafin ya taso daga asusun ya iso banki. Wata na farko na cire da wuri don kada mu makara, sai daga baya na karanta ƙa'idar, na kwana ina lissafi da biro. Mun tsira da 'yan daloli. Sai da na roƙi mai gida ya yarda rabon ƙanena ya riƙa shiga ranar biyar. Wannan gargaɗin ya kamata a ce yana fitowa ɓaro-ɓaro a shafin da ake cire kuɗi. A namu shirin yana can ƙasa cikin doguwar takardar da ba mai karantawa sai wadda ta taɓa ƙonewa.

Tunda na shiga ƙorafi bari in ƙarasa. Kuɗin da ka zuba ba ya samuwa nan take, ana riƙe shi kwanaki kafin a bari a taɓa, na kyauta ma ya fi daɗewa. Katin ba da asusun yake haɗe kai tsaye ba, sai ka ɗora masa kuɗi tukuna, shi ma da nasa jiran. Ranar da gilashin idonsa ya karye muna da kuɗi a asusu amma katin babu komai, da nawa na biya. Masu amsa waya suna da ladabi, sai dai iyakarsu asusun. Ka tambaye su yadda wani abu zai shafi SSI su ce ba huruminsu ba ne, alhali duk wanda ya kira su saboda SSI ya kira. Akwai kuɗin kula da asusu da ake cira, 'yan daloli ne duk wata uku, ba su da yawa, amma ga wanda ya ajiye dala 300 kacal ana jin su. Shirye-shiryen jihohi sun bambanta a wannan, ya kamata mutum ya gwada biyu ko uku kafin ya zaɓa, domin asusu ɗaya tak doka ta yarda mutum ya riƙe.

Sai rasidai. Doka ta ce kuɗin a kashe shi kan abin da ya shafi rayuwar mai lalurar, kuma gaskiya an faɗaɗa: karatu, muhalli, sufuri, lafiya, kayan aiki na taimako, koyon sana'a, kuɗin lauya, buƙatun yau da kullum, har jana'iza. Ba wanda ke tambayarka lokacin da kake cirewa. Amma in hukumar haraji ta waiwayo, kai za ka kawo hujja, in babu a caje ka haraji kan ribar da ke cikin abin da ka cire, da tarar kashi 10 cikin ɗari. Ina da akwatin takalmi cike da rasidai, ina kuma ɗaukar hoton kowanne. Ban yi karatun akanta ba, amma lalurar ƙanena ta mai da ni akanta ƙarfi da yaji, kuma ban ga yadda iyayen da ba su jin Turanci sosai, irin Inna, za su iya wannan su kaɗai ba.

Wani abu da ba na jin masu tsara shirin sun yi tunaninsa: inda kuɗin ke kwana. Ana ba ka zaɓi, ko ajiya irin ta banki mai kuɗin ruwa, ko a zuba a jari, wanda galibi gauraye ne na hannun jari da takardun bashi. Ga Musulmi kowanne da abin dubawa. Inna ta ce ita dai kada a ci riba da sunan marayanta. Muka zaɓi ajiyar banki, ɗan abin da ya hau kai nake lissafawa in fitar da kwatankwacinsa daga aljihuna in bayar, don cire shi daga asusun kansa wata sabuwar tambaya ce. Wanda ya zaɓi jari ya sani sau biyu kawai a shekara ake bari ya canza zaɓinsa, kuma jari yana iya faɗuwa.

Yanzu ga inda mutane suka fi ruɗuwa, har da ni a farko. Asusun yana kare abin da ka tara, ba ya kare albashi. Ƙanena yana jera kaya a wani kanti, yana samun wajen dala 700 a wata. Na ɗauka in albashin ya wuce kai tsaye cikin ABLE shi ke nan an huta. Ina! Ana lissafa shi yadda aka saba: a yafe dala 20 ta farko, a yafe 65 ta aiki, abin da ya rage a raba biyu a cire rabi daga tallafi. Dala 700 ta koma 615, rabinta 307 da santi hamsin, sai SSI ɗinsa, a lissafin 2025, ta sauko daga 967 zuwa 659 da santi hamsin. A haɗe ya fi wanda ba ya aiki samu, wannan gaskiya ne, kuma ina gaya wa duk iyayen da ke tsoron barin ɗansu ya yi aiki. Amma duk dala biyu da ya yi gumi a kai, ɗaya ta tafi. Dala 20 da 65 ɗin nan kuwa tun farkon shirin a shekarun 1970 suke, sun ma girmi dala 2,000 ɗin. Abin da ABLE ta ƙara wa mai aiki shi ne damar zuba wani abu daga albashinsa sama da iyakar shekara, muddin ba ya cikin tsarin fansho na wurin aikinsa. Mai dala 700 a wata wannan damar ado ce a gare shi.

Haka nan ba ruwan asusun da ƙa'idar tafiya. Mai SSI in ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka tallafin ya tsaya, kuma sai ya dawo ya cika wasu kwana 30 a jere kafin a ci gaba. Duk tafiyar da za mu yi da shi da kalanda a hannu nake sayen tikiti.

Abin da Inna ta fi ƙi, har ta so a rufe asusun da ta ji, shi ne abin da ke faruwa bayan rai ya yi halinsa. Idan mai asusun ya rasu, bayan an biya jana'iza da sauran kuɗaɗen da ke kansa, jiha tana da damar neman a biya ta abin da Medicaid ta kashe masa tun ranar da aka buɗe asusun. Wasu jihohin sun ce ba za su nema ba, wasu suna nan a kan bakansu. Saboda haka ABLE ba wurin ajiye gado ba ne. Lauyar da muka gani ta ce min, in iyaye ko dangi na son bar wa mai lalura wani abu mai kauri, asusun amana na musamman ake tsarawa da kuɗin su masu bayarwar, wanda jiha ba ta da hannu a cikinsa bayan rasuwa. Shi kuma sai da lauya, sai da kuɗi, kuma yaron ba ya riƙe kati, wani ne ke yanke masa hukunci. Mu mun raba: abin da Inna za ta bari ya bi ta amana, kuɗin rayuwar yau ya zauna a ABLE.

To in aka tambaye ni, a buɗe ko kada a buɗe? A buɗe, tun kafin wani kawu ya yi alheri. Ko dala 25 ce a fara da ita, don ƙofar ta kasance a buɗe ranar da za a buƙace ta. Duk jinkirin katin da tarin rasidan ban haɗa su da fitar ranar 28 ga wata ba. Sai dai ba zan yi ta godiya kamar an yi mana wata gagarumar kyauta ba. An ƙi taɓa lambar 1989, sai aka gina wani ɗaki a gefenta, da nasa fom, da nasa kuɗin kulawa, da nasa tarkon, aka ce mai wayo da intanet da yaya mai lokaci ya shiga. Na san iyalai a wurin koyon aikin nan da har yau suke fita kashe kuɗin ƙarshen wata, don ba wanda ya ce musu "'yar uwa, ba ki buɗe ba?"

A shekara ukun nan ƙanena ya sayi keke mai ƙafa uku da kuɗin da ya tara da kansa, wata tara yana tari, kullum yana duba lamba. Ya sayi kwamfutar hannu da yake koyon karatu a kai. Yanzu akwai dala 4,000 da ɗoriya a ciki, ninki biyu na abin da doka ta yarda ya mallaka a banki, kuma ba wasiƙar da ta zo.

Kwanan nan ya fara yawan ambaton wata yarinya da suke aiki tare, ita ma tana karɓar SSI. Na riga na duba, don na san halin ƙa'idojin nan. Su biyun a rabe, a lissafin 2025, dala 1,934 ce iyakar abin da za su samu. In suka yi aure ta koma 1,450, an rage 484 duk wata, iyakar dukiyarsu kuma 3,000 maimakon 4,000. Asusun ABLE na kowannensu yana nan ba a taɓa shi, amma ba ya mayar da ko dala ɗaya daga abin da aka rage. Shekaranjiya da ya miƙo wayar na karanta masa lambar, sai ya yi shiru, ya ce, "Yaya, nawa ake tarawa kafin a yi aure?" Na ce ya je ya cire takalminsa tukuna.